Ku Kwashe Rumbu, Ku Bar Mini Bakina

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki, damina biyu ke nan ruwa bai yi mana abin kirki ba a Garin Ƙadri, can arewa da Isawane. Abubuwan da ido ya gani a shekarar nan ba su da kan gado. Awaki sun ci kwali, sun ci tsumma, wata ma ta cinye hular maigari a kan dangar da ya rataye ta. Ungulaye sun yi ƙiba da mushe har sai sun sheƙa da gudu kamar jimina kafin su iya tashi sama. Mata sun bi gidajen tururuwa da fartanya, suna tone ɗan tsabar da ƙwarin suka tara, akwai wata tsohuwa da ba ta sa fartanya sai ta durƙusa ta ba tururuwar haƙuri.

Amma abin da ya fi duka ban mamaki shi ne, a garin da kowane gida ke jiƙa 'ya'yan anza don a kashe ɗacinsu a ci, akwai mutum ɗaya mai rumbu uku maƙare da gero. Kuma ba rowa ce ta tara masa ba. Ƙyama ce.

Sunansa Bawa. Kuturta ta kama shi yana saurayi, aka kai shi asibitin kutare can kudu, bayan Maradi, ya yi shekaru. Ya komo cutar ta mutu a jikinsa, amma ta tafi da yatsunsa, sai babban yatsa ɗaya da guntun manuni a hannun dama. Ya zo da mata, A'i, wadda ita ma a can aka warkar da ita. Ya kuma zo da abin da ya fi kuturtar damun mutane: ya ce shi yanzu mai bin Yesu Almasihu ne.

Aka ba shi fili a bayan gari, gindin wani tsohon gawo. Ya ɗaura wa ƙotar hauyarsa madaurin fata, yana zura guntun hannu a ciki yana turawa, ya yi noma irin na mai fushi da ƙasa. Sai dai ba mai sayen geronsa. Ko kasuwar Urafane ya kai, da zarar wani ɗan garinmu ya raɗa wa mai saye ko na wane ne, sai a janye hannu. Da kaka in ya aika wa maƙwabta da dami kyauta, jakuna ake zuba wa. Ga shi Allah bai ba su haihuwa ba, baki biyu ne a gidan. Haka dammunan gero suka yi ta hawa kan dammuna, gero a zangarniyarsa kuwa ba ya saurin lalacewa in rumbu mai kyau ne. Rumbunan suna tsaye a jere da hulunansu na ciyawa, kamar dattawa uku da suka zo biko aka ƙi ba su wurin zama.

Kowace Lahadi da hantsi Bawa yakan share gindin gawon, ya shimfiɗa tabarma uku. Ɗaya tasa, ɗaya ta A'i.

"Ta ukun fa?" in ji A'i, ko da ta san amsar.

"Ta wanda zai zo."

Ba wanda ya taɓa zuwa. Burinsa ke nan a duniya, bai ɓoye wa kowa ba: mutum ɗaya tak ya zauna kan tabarmar nan da ƙafarsa da kunnensa, ya ji labarin ceton da shi ya samu. Wanda ya fi kusa da zuwa shi ne Mumuni, ɗan gwaggonsa, taubashinsa, wanda yakan bi ta nan a kan jaki in zai je rijiya, ya ɗaga murya daga nesa.

"Gaishe ka limamin da mamunsa matarsa ce! Yau ma sahu ya cika?"

"Akwai wurinka, mai kan tulu! Sauko!"

"Sai ran da gawo ya yi ganye da damina!"

Gawo kuwa kowa ya san halinsa. Lokacin da itatuwa duka suka yi kore shi yake kaɗe ganye, lokacin da suka bushe shi yake tohowa.

Da yunwa ta kai ana binne yara, Bawa ya shiga tsakiyar gari da rana tsaka, wurin da rabonsa da takawa tun yana da yatsu. Ya tsaya ƙofar maigari ya ce duk mai buƙata ya zo, ya buɗe rumbu. Ranar ba wanda ya motsa. Washegari mata biyu suka zo a ɓoye ta bayan dangogi. Kafin mako ya kewayo, tsakar gidan ta cika da turame, mata na sussuka, Bawa na zaune yana awo. Tiya yake maƙalewa tsakanin wuyan hannuwansa biyu, ya nutsa ta cikin tsaba ya ɗago. Ba shi da yatsun share kanta, don haka kullum da tozo take fita.

To, akwai wata al'ada a wurinmu da ba a rubuta ta ko'ina ba. Wanda ya ciyar da kai a shekarar yunwa ya zama ubangidanka. Da safe ka je gaisuwa, ka zauna ƙofarsa. In zai je kasuwa ka riƙe masa jaka, in Juma'a ce ka bi bayansa zuwa masallaci. Wanda ya ci ya share baki ya yi zamansa gida, ɗan banza ne, har jikokinsa sai an goranta musu. Ba wanda ya yi shawara da wani. Ranar Lahadi kawai Bawa ya fito da tabarminsa uku, ya tarar da magidanta sun cika inuwar gawo, sun tuɓe takalma, suna jiran su ga abin da ubangida ke yi su yi.

Tabarmin suka faɗi daga hammatarsa. Ya koma ɗaki, A'i ta same shi yana kuka kamar yaro.

Ranar ya yi magana har muryarsa ta dushe. Ya ba su labarin wani ma'aikacin asibiti, Bahaushe ɗan'uwansu, da ya wanke masa gyambo da hannu tsirara, ba tsumma ba tsinke. Ya ce ya tambaye shi ko ba ya jin ƙyama, mutumin ya ce Ubangijin da yake bi ya taɓa kutare da hannunsa. Ya gaya musu Yesu ya ɗauki zunubin mutane ya mutu da shi, ya kuma tashi, kuma duk wanda ya ba da gaskiya gare shi an wanke shi ciki, inda sabulu ba ya kaiwa. Ya ce kyauta ce, ba a saye, ba a biya da aiki.

"Gaskiya ne, ranka shi daɗe," in ji taron. "Amin, amin."

Lahadi ta biyu ma haka. A ta uku ne Bawa ya lura da wani abu. Idanun mutane ba a kansa suke ba, suna tsallake kafaɗarsa ne su sauka kan rumbuna. Sai ya tashi ya koma ɗaya gefen, yadda rumbunan za su kasance a bayansu. Aka gyara zama aka fuskance shi, amma wuyoyi suka riƙa juyawa ɗaya bayan ɗaya, kamar na zabi. Da aka tashi, wani magidanci mai suna Manzo, mai 'ya'ya bakwai, ya matso ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, ka dai ji amin ɗina ta fi ta kowa ƙarfi. Na ce ko za a duba, tiya ɗaya ba ta kai mu."

Bawa ya ƙara masa. Da la'asar ya nufi gidan Mumuni, don cikin garin duka shi kaɗai ne bai karɓi ko ƙwaya ba, ya kuma hana matarsa zuwa. Ya same shi zaune yana tauna anza, ƙasusuwan wuyansa sun fito kamar na tsohon raƙumi.

"Kai wane irin taurin kai ne wanga? Gero na nan, kana kashe kanka da ɗaci."

"In na ci naka, bakina ya mutu," in ji Mumuni. "Sai in zo in zauna ina ce maka gaskiya ne, alhali ban yarda da ko kalma ɗaya ba. Ni da nika zaginka tun muna kiwon awaki? A'a. Bar ni da anzata."

"Ai mutane sun fara ji."

Mumuni ya yi dariya har ya ƙware. "Wa ya ji? Kai Bawa, cutar ta taɓa maka kai ne? Ɗaure jakina gindin rumbun nan ran Lahadi, shi yi kuka, wallahi sai sun ce mishi amin. Suna barin wurinka su zo masallaci su yi ta istigfari, Liman Sale na kallonsu ba ya iya cewa komi, don shi ma geronka ke cikinsa. Rumbu suke bi. Kai dai murfinsa ne."

Maganar ta shige shi kamar ƙaya. Lahadin da ta biyo ya tsaya gaban taron ya ce musu gero nasu ne ko sun zo ko ba su zo ba, kada wanda ya ƙara zama nan don ciki. Suka sunkuyar da kai suka ce sun ji. Suka ɗauka irin gwajin nan ne da manya kan yi wa barori, a ga wanda zai fara gudu. Mako na gaba har da waɗanda ba su taɓa zuwa ba suka zo, Manzo ya kawo 'ya'yansa bakwai ya jera su gaba.

Ana cikin haka labari ya kai wurin hukuma a Mayahi. Sabuwar gwamnati na farautar masu ɓoye hatsi, sai ga wata koriyar mota ta tsaya bayan gari da hantsi, wani lajidan, hafsan soja, ya fito da sojoji biyu. Dogo ne, mai gilashi baƙi. Aka kirawo maigari da Liman Sale, gari duka ya biyo su. Lajidan ya zagaya rumbunan, ya sa soja ya hau ya leƙa. Ɗaya ya ƙare, ɗaya ya yi rabi, na ukun ko taɓa shi ba a yi ba.

"Kai ne mai wannan?"

"Ni ne, mon lajidan."

"An ce kana ɓoye hatsi."

"Shekara da shekaru ina roƙon a karɓa. Tambayi jakunan garin nan, su suka san ɗanɗanonsa."

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta. Lajidan ya dubi maigari, maigari ya gyaɗa kai.

"Bon. Wannan ya wuce. Amma an ce kana sayen addinin mutane da tiya. Ƙasa na cikin wahala, ba mu son fitina. Ga abin da za a yi. Ka riƙe rumbunanka, ka ci gaba da rabo, gwamnati ma ta gode maka. Amma wa'azin nan ka bar shi. Daga yau ba ka ƙara ambaton addininka ga kowa a garin nan. In ka ƙi, in kwashe hatsin duka in ba wani shi raba, kai ko tiya ɗaya ba za ka riƙe ba. Ka zaɓa."

Ya juya zai kunna sigari, don a ganinsa magana ta ƙare. Wa zai zaɓi baki ya bar rumbu a shekara irin wannan?

"Ku kwashe," in ji Bawa.

Ashanar ta mutu a hannun lajidan. "Mi ka ce?"

"Na ce ku kwashe rumbu, ku bar mini bakina. Ai ka sauke mini kaya, mon lajidan. Tun da na buɗe rumbun nan na rasa mai ji na. Da can suna ƙina, amma in na yi magana sun san mi suka ƙi. Yanzu kowa amin, kowa gaskiya ne, ba wanda maganar ta shiga kunnensa." Ya juya ga taron, ya ɗaga guntayen hannuwansa. "Ku dube ni da kyau. Ni ba ubangidan kowa ba ne. Gero ku ci, gobe ku ji yunwa. Abin da nika kiranku gare shi ba a auna shi da tiya, kuma ba ni da ikon ƙara wa mai amin da ƙarfi. Yesu ya cece ni ina ruɓa, ban ba shi ko ƙwaya ba. Ba zan sa a ce ya shigo garin nan a bayan buhu ba."

A'i ta ratso mutane ta kama rigarsa. "Malam, mu ci mi? Ka duba ƙafafuna. Da su na bi ka gona shekarun nan duka."

"Abin da kowa ke ci, A'i."

Ta dube shi, ta dubi rumbunan. Sai ta saki rigar, ta shiga gida, ta fito rungume da dami ɗaya mai dogayen zangarniya da ke rataye a ɗakinta. Ta tsaya gaban lajidan.

"Wanga iri ne. Ko soja bai cin iri. Sauran ku ɗauka, tun da mai gidan ya ce."

Lajidan ya cire gilashinsa. Idanunsa ƙanana ne, jajaye, na wanda ya kwana biyu yana ganin gawa a hanya. "Tsoho, ka san ina iya sa ka a mota in kai ka kaso a Mayahi?"

"Akwai mutane a kason?"

"Cike yake."

"To ai sun fi tabarmata yawa. Mu tahi."

Wannan karon dariyar ta ƙi haɗiyuwa, har sojan da ke kan rumbu sai da ya juya baya. Lajidan ya dubi Bawa. Ya mayar da gilashinsa, ya ce shi hatsi aka aiko shi nema, ba mahaukata ba. Ya umarci a kwashe dammunan a kai zauren Liman Sale, shi zai riƙa rabo. Ya ce in ya ji an yi faɗa kan addini a garin nan, zai komo, kuma ba da magana zai zo ba.

Bawa da kansa ya ɗauko tiyar tsakanin wuyan hannuwansa ya miƙa. Liman Sale ya yi jim, don bai taɓa karɓar abu hannu da hannu daga gare shi ba. Sai ya sa hannu biyu ya karɓa.

"Gidanka baki biyu ne," in ji Liman. "Rabon baki biyu za ka samu, kamar kowa. A layi."

"A layi," in ji Bawa.

Haka kuwa aka yi. Washegari aka ga mai rumbu uku tsaye a rana da ƙwarya, bayan Manzo. Liman mutum ne mai yatsu goma, yana share kan tiya tas, don hatsin ya kai damina. A'i ta koyi jiƙa anza tana tsaki. Kwana uku ba ta yi wa mijinta magana ba sai da cokali.

Lahadi ta zo. Bawa ya share gindin gawo, ya shimfiɗa tabarma uku. Ba kowa. Magidanta suna can ƙofar Liman, inda al'ada ta mai da su. Rumbunan na tsaye ba huluna, wani ƙadangare na leƙe daga bakin na tsakiya yana gyaɗa kai, shi kaɗai ya rage cikin masu cewa gaskiya ne. Suka yi waƙarsu su biyu. Suka yi addu'a. Bawa ya zauna yana kallon tabarma ta ukun, cikinsa na ƙugi.

Sai ga jaki ya ɓullo ta hanyar rijiya. Maimakon ya wuce, ya tsaya. Mumuni ya sauko, da buzunsa a kafaɗa da butarsa a hannu. Ya tsallake tabarmar, ya shimfiɗa buzun can bakin inuwa, rabi a rana.

"Kada ka yi murna, mai guntun hannu. Na ci tuwo jiya, daga hannun Liman na karɓa, ba ka da komi a wuyana. Ban zo bi ba. Gardama na zo."

"Zauna kan tabarma mana."

"Na zo da nawa. Yanzu gaya mini, tun da ka zubar da rumbu uku don wannan magana. Yaya za a yi a ce wani ya mutu don laifin wani? In jakina ya shiga gonarka, jakin Manzo ake duka? Kuma in ka yi ƙarya, a nan zan ce maka ƙarya kake."

Bawa ya juya. Ya dubi A'i. Ita kuwa ta kai gefen zane tana share ido, tana dariya.

"Ka ji, Malam? Ya ce ƙarya kake."

"Na ji," in ji Bawa. "Rabon da in ji magana mai daɗin wagga tun kafin fari." Ya gyara zama, ya jingina da gawo. "To, mai kan tulu, ka tuna shekarar da ka saki awakin baba suka cinye waken Sarkin Noma? Wa ya sha bulala?"

"Kai ka sha. Amma wannan wauta ce taka, ba wanda ya aike ka."

"Yawwa. Daga nan za mu fara."

Suka fara. Mumuni na katse shi, yana buga buta a ƙasa, yana cewa a'a, sam, wannan ba ta shiga ba. Bawa na komawa baya yana sake ɗaukowa ta wata hanya. Rana ta yi ta hawa, inuwa ta yi ta tsukewa zuwa gindin itacen, Mumuni na jan buzunsa yana bin ta ba tare da ya lura ba, har gefen buzun ya hau kan tabarma ta ukun.

Da aka kira azahar ya miƙe, ya kakkaɓe buzu, ya ɗauki buta.

"Amsarka ba ta ƙosar da ni ba. Rabinta ƙaiƙayi ce. Ka sussuke ta da kyau kafin Lahadi."

Ya hau jakinsa ya nufi masallaci. Bawa ya naɗe tabarma biyu ya ba A'i. Ta ukun ya bar ta a shimfiɗe, ya ɗora dutse a kanta don iska.